Godiya Bayan Addu'ar Marigayi Alhaji Aminu Dantata

Assalamu alaikum. A madadin waɗanda muka shirya saukar Alƙur'ani ga marigayi Alhaji Aminu Alhassan Dantata a Islamiyyar unguwarmu, ina godiya ga duk wanda ya tako ƙafa. Mu ba danginsa ba ne. Tunda a Abu Dhabi Allah Ya karɓi ransa ranar 28 ga Yunin 2025, yana da shekara 94, kuma a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, Kanawa ba mu samu ɗaukar makararsa ba. Shi ya sa muka ce mu zauna mu yi abin da za mu iya.

Malamanmu da alarammomi, Allah Ya ƙara muku lafiya. Maƙwabtan da suka fito da tabarminsu da namu suka kasa, mun gode.

Baba, kai da ka yi dako a zamanin dalar gyaɗa, ka biya mu. Da sandarka a hannu ka tunatar da samari cewa mahaifinsa Alhassan ya rasu a 1955, shi kuma ya karɓi ragamar kamfanin gidan a 1960, har ya yi wa Jihar Kano kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo. Na lura yaran da suka saba danna waya duk sun ajiye ta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai maganar Hajiya ce, wadda maigidanta ke zuwa wankin ƙoda a cibiyar da marigayin ya samar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ta fara bayani daga bayan labule, murya ta sarƙe, sai shiru. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san abin da ke cikin shirun nan. Hajiya, Allah Ya ba Alhaji lafiya.

'Yan'uwanmu na Barno mazauna unguwa, ku kuka tuna mana ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, da dattijo mai shekara 93 ya taka da kansa ya yi jaje, ya ba da naira biliyan 1.5. Mun gode da wannan shaida.

Waɗanda saƙon gayyata bai kai gare su ba, laifina ne, a yafe mini. Allah Ya jiƙan Alhaji Aminu, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalansa haƙuri.