Wasiƙa daga Jamus zuwa ga mutanen Katsina: yadda shara ke fita daga gida

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da yayye da ƙanne baki ɗaya, da fatan damina ta sauka lafiya. Tambayoyinku sun taru a wurina: sanyi, abinci, takardun zama, da kuma wai da gaske ne ba a ganin ko leda ɗaya a titunan Jamus. Zan taɓa su duka, amma da ta ƙarshen zan fara, don ita ta fi tsaya mini a rai.

Ana ganin datti a nan ma, musamman a bakin tashoshin jirgin ƙasa. Bambancin yana cikin gida. Inda nake haya kwandunan shara huɗu ne a tsakar gida: mai ruwan ɗorawa na robobi da gwangwanaye da ledojin kaya, shuɗi na takarda da kwali, mai ruwan ƙasa na ɓawon dankali da ragowar abinci, sai baƙi na abin da ya saura. Kwalba ba ta shiga ko ɗaya daga ciki. Akwatunanta suna bakin titi, fara daban, koriya daban, mai ruwan ƙasa daban, kuma ba a jefawa ranar Lahadi don kada ƙarar ta dami maƙwabta. Hukumar gari tana fitar da jadawalin shekara sukutum, kowa ya san ranar da motar takarda za ta zo da ranar ta robobi. In aka cakuɗa, masu kwasa suna iya barin kwandon a cike, su manna masa takardar gargaɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kuɗin ajiya. Tun 2003, robar ruwa ko gwangwanin lemo da ake sha a yar, ana ɗora masa santi 25, wato kwatan Yuro ɗaya, a kan farashinsa. Ka sha, ka kai kanti, ka zura a na'ura, ta ba ka rasit na kuɗinka. Wanda ba zai koma kantin ba, sai ya ajiye a gindin kwandon titi don mabuƙaci ya ɗauka cikin mutunci.

To, 'yan uwa, wanne ne baƙo a cikin wannan? Mu ma da in ka sayi lemo za ka tafi da shi gida, sai ka bar kuɗin kwalba wurin mai shago. 'Yan gwangwan har gobe suna zaga unguwanni, daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Ƙaura, suna sayen ƙarfe da tsofaffin robobi. Juji kuwa dukiya ne, don da rani manoma ke kwashe shi a mangalar jaki su kai gona, toka ce da kashin awaki da ɗan ɓawo. Leda ce ta ɓata mana wannan tsari. Takin ya cika da ita, ledar fiya wata ta toshe kwatoci, ruwan Agusta ya kwanta a ƙofar gida sauro ya samu mazauni. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya. Da hunturu kuma a cinna wa bola wuta, yara su shaƙi hayaƙin roba a kan ƙurar da ke damun ƙirjinsu.

Da ni ne a unguwarmu yau, ba zan jira a sayo kwanduna masu launi ba. Buhu biyu sun isa kowane gida, ɗaya na leda da roba, ɗaya na toka da sharar tsakar gida. Mai unguwa da dattawan masallaci su tsayar da rana ɗaya a mako wadda ba ta tashi, a samu matasa masu baro ko kura, kowane gida ya biya abin da aka yi ittifaƙi a kai, a rubuta a littafi. Buhun roba ya tafi wurin masu saye da kilo, takin ya koma gona da tsabtarsa. Masu shago kuma su gwada karɓar ledojin ruwan da suka sayar, ko da ɗan alawa ne za su ba yaron da ya tara.

Maganar sanyi, a Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma mun yi magariba. Ta takardu kuwa doguwa ce, sai a wasiƙa ta gaba in Allah ya yarda.

Naku, ɗan'uwanku da ke Jamus.