Kifin ƙanƙara da amaryar Tawa

Da aka kawo ni Sakkwato daga Tawa, ban ɗauka ƙasar waje na zo ba. Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ɗan taƙi ne, ga Hausa ɗaya, ga fura ɗaya. Baƙuncina bai wuce na baki ba: in ce firigo su ce firij, in ce jaka ina nufin sefa 1,000, su a wurinsu naira 200 ce. A yi dariya a wuce.

Kifi ne ya tona mini asiri.

A gidanmu kifin Tabalak muka sani, da safe a kamo shi, kafin la'asar yana cikin mai. A nan ma akwai irinsa, tarwaɗa da karfasa na gulbin Rima, ana samu a Kwalkwalawa. Amma ranar walimar saukar ƙanen maigida, mutum kusan 60 za a ciyar, sai aka sayo katan guda na taitus. Kifin teku ne, daga ƙasashe irin su Norway ake shigo da shi ta Legas, ya iso nan a daskare kamar faskaren ice. Inna ta ce, "Ɗiyata, ke za ki riƙe mana suya." Na ce to, ina jin kaina.

Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40. Na ce ga wuta kyauta Allah ya ba mu. Na juye kashin farko a baho na kai tsakar gida, wanda ya ƙi saki na sheƙa masa ruwan zafi. Bayansa ya yi laɓo-laɓo, cikin kuwa ƙanƙara tana nan. Ina jefawa a kasko mai ya hau tartsatsi, tsokar ta ruguje, ta koma kamar fate. Tabon yana nan a hannuna na dama.

Facalata, matar babban wa, ma'aikaciyar jinya ce. Ba ta yi mini faɗa gaban mutane ba, madafa ta ja ni. Ta ce, "Amarya, wanda ya sha rana duk zubar da shi za a yi." Na ce, "Haba Yaya, ai in ya ji mai shi ke nan." Ta ce sam. Taitus da danginsa in suka daɗe cikin ɗumi, ƙwayoyin cuta na haifar da wani sinadari, histamin, kuma suya ba ta kashe shi. Mutum ya ci, fuska ta yi ja, jiki ya hau ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo. A raina na ce ɓarna ce, amma na yi shiru.

Sauran ta nuna mini yadda ake yi. A ƙulle kifin cikin leda, a nutsa shi a ruwan randa mai sanyi, duk minti 30 a sake ruwan. Tsokar da aka zare wa ƙaya awa guda ta ishe ta, kifi sukutum ya fi haka. Ledar ce ke hana shi shan ruwa ya yi lami. Da ya saki a tsane shi da tsumma mai tsabta, nan ne sirrin, sannan gishiri da citta da tafarnuwa. Wanda ya narke a sarari ba ya komawa ƙanƙara. Ta ce mafi kyau a kwanar da shi a ƙasan firij tun dare, sai dai wa zai ba wutar NEPA amanar kifin mutum 60?

Sai bayan la'asar aka ci abinci. Inna ta ɗauki yanka guda, ta juya shi, ta ce, "Wanga fa ya soyu." Maigida ya biya kuɗin wanda aka zubar bai ce uffan ba, amma har yau in ya shigo da leda mai sanyi sai ya leƙo madafa ya ce, "Mutanen Tawa, a ɓoye wa rana."