Yadda na raba wayata da lambobi masu ninki

Sana'ata sayar da yadi ce a Kantin Kwari, kuma rabin cinikina ta waya ake yinsa. Mutum zai turo hoton shadda ta WhatsApp daga Gusau ko Maraɗi, mu daidaita, in kai kaya tasha, in kira direba, in kira mai kaya in ba shi lambar mota. Duk mai irin wannan harka ya san haushin ka rubuta "Alhaji Sani" a wurin nema, waya ta jero maka Alhaji Sani reras, yawancinsu lamba ɗaya ce ta maimaitu, amma a tsakiyarsu akwai wani Alhaji Sanin daban wanda kake bi bashi. Ga mai saye a tsaye yana jira, kai kuma kana ta lalube.

Da na zauna na duba tushen abin, sai na ga ashe waya ba wuri ɗaya take ajiye lambobi ba. Akwai na layin farko, wato katin SIM, akwai na layi na biyu, akwai na cikin wayar kanta, ga na asusun Google da aka buɗe da imel, wasu wayoyin irin su Samsung kuma suna da nasu asusun na kamfani. Manhajar lambobi tana tattaro duk waɗannan ta nuna maka su a jeri ɗaya. To, duk lokacin da aka sauya waya, yaron da ke saita ta zai kwafo na kan layi ya zuba a sabuwa, sannan a saka imel, Google ma ya sauke nasa. Mutum ɗaya ya zama biyu ke nan. A sake sauya waya, ya zama uku. Gogewa ɗaya bayan ɗaya ba ta maganin wannan, kamar kwasar ruwa ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Kafin in taɓa komai na fitar da kwafin lambobin gaba ɗaya. A saitunan manhajar akwai wurin fitarwa, yana haɗa maka fayil guda mai ƙarewa da .vcf. Na tura shi imel ɗina na ajiye. Sannan na kwashe na kan layukan biyu da na cikin waya na mayar da su asusun Google guda ɗaya. Wannan matakin ya zama dole, domin Google ba ya haɗe lambobin da ke asusu biyu daban-daban. In kana da imel biyu a waya, sai ka zaɓi wanda za ka zauna a kai.

Daga nan na buɗe manhajar Google Contacts, na shiga wurin da aka rubuta "Merge & fix". Ana samunsa kuma a contacts.google.com, kuma a kwamfuta ya fi daɗin aiki saboda girman fuska. Yana jero maka sunayen da yake ganin mutum ɗaya ne, da maɓallin haɗe kowanne, da wani babba na haɗe su duka a danna ɗaya.

Wannan babban maɓallin ban danna shi ba, kuma ba na ba ɗan Hausa shawarar ya danna. Na'urar tana duba kamar suna da kamar lamba ne, ba ta san mutane ba. Mu kuwa sunayenmu kaɗan ne suke zagayawa. Muhammad nawa ka sani? A'isha nawa? A wayata akwai Musa Direba na hanyar Katsina, akwai Musa Direba na hanyar Damagaram, kuma a wurin na'ura mutum ɗaya ne mai layi biyu. Da an haɗe su, wata rana kayan Katsina sai su tsallaka iyaka. Ga kuma al'adarmu ta sakaya suna: ba ka rubuta sunan mahaifinka ko na surukarka, sai "Baba", sai "Hajiya", sai "Inna". Ni ina da Hajiya ta gida, ga Hajiyoyin da ke sarin atamfa a wurina, kowacce "Hajiya" kawai na sa mata ranar da muka fara ciniki cikin sauri. Sai kuma akasin haka, wato lamba ɗaya mutum biyu. A ƙauyenmu akwai gidan da waya ɗaya ce tsakanin maigida da uwargida, na ajiye ta da sunan kowannensu don in san wa zan nema in an ɗauka. Na'ura ta ga lamba ɗaya, ta ce a haɗe. Ni na san dalilin da na raba.

Saboda haka bi na yi ɗaya bayan ɗaya, ina duba lambar kafin in amince. Aikin yana cin lokaci, na riƙa yinsa da daddare bayan an tashi kasuwa. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne Google yana ba da damar mayar da lambobi yadda suke a baya har zuwa kwana 30, kuma wanda ka goge yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Masu Samsung suna da nasu wurin haɗewa a cikin sashen kula da lambobi. Masu iPhone kuma, tun daga iOS 16 da ta fito a 2022, wayar da kanta take sanar da kai a saman jeri in ta ga maimaici.

Hana abin dawowa ya fi gyaran muhimmanci, kuma ya fi shi sauƙi. A saituna na zaɓi asusun Google ya zama nan ne duk sabuwar lamba za ta riƙa shiga, na kuma sa manhajar ta daina nuna na kan layi. Layi dai ba wurin ajiya ba ne na kirki: galibi bai wuce ɗaukar lamba 250 ba, suna ɗaya lamba ɗaya, in sunan ya yi tsawo ma ya datse shi. Shi ya sa za ka ga "Alhaji Abdulra" a gefe guda, cikakken sunan a wani gefen.

Na kuma daidaita yadda nake rubuta lamba. Ta Najeriya ina fara ta da +234 in cire sifirin farko, ta Nijar da +227 sannan lambobinta takwas. Da can sai in ajiye mutum da 0803 ranar da ya kira ni, in sake ajiye shi da +234 ranar da ya yi min magana ta WhatsApp, ban lura shi ne dai ba. Sunan ma yanzu ba na barinsa tsirara: suna, sana'a, gari. "Musa Direba Katsina". "Hajiya Atamfa Zariya". In mutum ya ce ya yi sabon layi, ba na buɗe masa sabon suna, tsohon nake buɗewa in ƙara lambar a ciki.

Da na sayi wayar da nake riƙe da ita yanzu, yaron shagon ya miƙo hannu zai kwafo min lambobi daga tsohuwar. Na ce masa, "Bari kawai, ƙanena, imel zan saka." Na saka, lambobin suka sauko da kansu, kowa sau ɗaya. Sai dai wannan yana yiwuwa ne ga wanda ya san imel ɗinsa da kalmar sirrinsa. Da yawa daga maƙwabtana a kasuwa mai shagon waya ne ya buɗe musu, ba su taɓa sanin me ya rubuta ba, duk sabuwar waya sai a buɗe sabon imel, lambobi su warwatsu a asusu uku ko huɗu. Wanda yake cikin wannan hali, ya fara da gano imel ɗin da ke kan wayarsa yanzu, ya sauya kalmar sirrin zuwa wadda zai riƙe, ya saka lambar wayarsa a matsayin hanyar dawo da asusun, sannan ya zo kan maganar haɗe sunaye.