Akwatin Ƙadangare Mai Gemu a Sanyin Ingila

Da zarar Nuwamba ta kama a nan Manchesta, wayar shagona ba ta hutawa, tambayar kuma ɗaya ce: ƙadangarena zai jure sanyin dare kuwa? Ni kafinta ne, kuma aikin da ya riƙe ni yanzu shi ne haɗa akwatunan da ake kiwon ƙadangare mai gemu a cikin gida. Asalinsa ɗan hamadar tsakiyar Ostareliya ne, in ya samu kulawa yana kai shekara 10 zuwa 15.

Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa, daga waje yake samu. Da rana yana son wurin shan zafi mai digiri 38 zuwa 42, da dare kuma a kashe masa fitilu kaf, zafin ya sauka kamar yadda yake yi a hamadarsu. Abin gudu kawai kada ya faɗi ƙasa da digiri 15. Gidajen nan da yawa tsofaffi ne, an kashe hita an kwanta, kafin asuba falo ya yi ƙanƙara.

Daga akwati maganar ke farawa. Nawa tsawonsa santimita 120, faɗi 60, tsayi 60, da katako mai kaurin milimita 18, gilashi a gaba kaɗai, domin katako yana riƙe ɗumi, gilashi kuwa zubar da shi yake. Kawuna da ya koya mini aiki a Zariya, Allah ya jiƙansa, in ka haɗa katako biyu sai ya ɗaga su ya saita rana. Ko zaren haske ya ratso, zai miƙo maka ya ce, "Ɗana, kwance ka sake." Har yau haka nake duba kowace kusurwa da tocila kafin in bi ta da gam, don inda haske ya bi, nan sanyi zai bi. Kafofin iska ne kaɗai nake bari, su ma a inda na auna.

A rufin nake ɗaura ƙwan lantarki na tangaran, wanda ke ba da zafi babu haske. Mazauninsa ma na tangaran ne, na roba narkewa yake yi. In kewaye shi da ragar ƙarfe don kada dabbar ta taɓa, sannan in haɗa shi da na'urar daidaita zafi, in sa bakin awonta kusa da inda ƙadangaren ke kwanciya, a saita wajen digiri 18. Ba na barin akwati ya fita sai ya kwana a kunne a shagon da ma'aunin zafi a ciki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu sayar da kayan araha a intanet. Su haɗa akwatin gilashi siriri da jan ƙwan fitila, su rubuta wai na dare ne. Ƙadangaren nan yana ganin launi, har yana da wata 'yar ƙwayar ido a tsakar ka da ke gane haske, to ina barci? Mafi muni dutsen lantarki da ake sa masa ya kwanta a kai. Shi daga sama ya saba jin zafi, sai ya kwanta har cikinsa ya ƙone bai motsa ba. Na ga wanda aka kawo da tabon a ciki, fatar ta yi baƙi ta ƙanƙance, mai shi tana hawaye. Amma gobe wani zai shigo ya nuna mini hoton irin wannan akwati a waya, ya ce me ya sa nawa ya ninka kuɗi.

Wasu kan tsorata in ƙadangaren ya rage ci ya yawaita barci a hunturu. Sau da yawa al'adarsa ce, amma a riƙa auna nauyinsa, in yana ramewa a kai shi wurin likitan dabbobi. In wuta ta ɗauke da dare, a naɗe gorar ruwan ɗumi da tawul a ajiye a gefensa, a lulluɓe akwatin da bargo, a bar kafar iska ɗaya a buɗe.