Tambayar Da Ta Sa Na Sayi Ƙanƙara

Ana tsakiyar zafin watan Afrilu wata ɗalibata 'yar aji biyar ta tsare ni: "Malam, zai yiwu a ƙara wa abu zafi, shi kuma ya ƙara sanyi?" Na ce mata a'a, aka kaɗa ƙararrawa. Har na isa gida Gwammaja amsar nan ba ta kwanta mini ba.

Bayan la'asar na aiki yaro ya sayo ƙanƙara a bakin titi. Na farfasa ta a kwanon silba, na tsoma ma'aunin zafi. Digiri sifili na Celsius. Rana na dukan kwanon, ƙanƙara na narkewa, ma'auni ko gezau. Kowane giram na ƙanƙara sai ya sha zafi jul 334 (jul shi ne awon makamashi) kafin ya zama ruwa, don haka duk zafin da ya shiga, a aikin narkarwa yake ƙarewa. Masanin kimiyya Joseph Black ne ya gano wannan a Glasgow ta Scotland wajajen 1761.

Sai na watsa gishiri cikin tafi uku, na juya. Ma'auni ya fara gangarawa, ya wuce sifili, sai da ya kai 12 ƙasa da shi. Bayan kwanon ya yi fari fat da daskararriyar raɓa. Maiɗakina ta taɓa, ta janye yatsa tana salati. Kuma fa kwanon bai daina shan zafin tsakar gida ba. Gishiri ne ya tilasta wa ƙanƙara narkewa da gaggawa, zafin da ke shigowa bai ishe ta ba, sai ta ci na jikinta. Haɗin nan yana iya kaiwa 21 ƙasa da sifili.

Gaskiya a nan gishiri ne ya yi aikin, ba zafin ba. Inda abin yake faruwa tsantsarsa shi ne taurari. Nauyin tauraro ne ke riƙe da shi. In ya samu ƙarin makamashi, kamar zafi, sai ya kumbura ya huce, in ya rasa sai ya tsuke ya ƙara zafi. A 2001 masana a Freiburg ta Jamus sun ga irin wannan hali a ɗan dunƙulen sinadarin sodiyam mai atom 147, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa shi.

Abin da ya dame ni, yarinya ta kawo tambaya mai nauyi haka, na sallame ta da kalma ɗaya. Washegari na shiga aji da kwano da ƙullin gishiri, na kira ta gaban allo, na miƙa mata ma'aunin.