Garanti yana Duwala, mai gyara yana Garwa

Shekara uku ke nan sayen kwamfutoci yana hannuna a cibiyar koyon aikin ofis da nake koyarwa a Garwa, arewacin Kamaru. Ranar da maigida ya fara damƙa mini kuɗi, farashi kaɗai na duba. Na kwaso sababbi huɗu na wani kamfani, ba sai na kira suna ba, kowace da takardar garantin shekara ɗaya. Aka yi ta yaba mini iya ciniki.

Ƙurar hunturu ta toshe musu fanka, zafin Afrilu ya haura digiri 40, biyu suka mutu. Na ɗauko takarda, aka ce sai a Duwala. Wato mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan wata motar, ɗalibai kuma na zaune suna kallon bango. Araha ba ta ado.

Mai gyaranmu na kasuwa ya juya su, ya girgiza kai. "Malam, kafin ka tambayi kuɗinta, zo ka tambaye ni ko ina da kayanta."

Shi ya nuna mini cewa sunan kamfani bai isa ba, sai ka duba aji. Latitude ta Dell, EliteBook ta HP da ThinkPad, wadda Lenovo ya karɓa daga IBM a 2005, duk don ma'aikatu aka ƙera su. Ofisoshin Turai da Amurka suna sayensu da yawa, bayan 'yan shekaru su zubo mana su gwanjo. Saboda haka batir, caja da gilashi ba sa wuya, wadda ta mutu ma tana raya 'yar'uwarta. Dell da Lenovo har littafin kwance na'urar suna sawa a intanet kyauta. Ta Apple kyakkyawa ce, ban musa ba, amma kuɗinta da ƙwaƙwalwar da aka liƙe ba a ƙarawa sun fitar da ita daga lissafinmu.

Gwanjon ma da tarkonsa. Na Yola da Mubi sukan fi sauƙi idan naira ta faɗi, sai dai jerin haruffan madannansu na Turanci ne, QWERTY, yaranmu kuwa Faransanci suke bugawa da jerin AZERTY. Kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafin Windows 10, kwamfutar da ba ta da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 kuwa ba za ta hau Windows 11 ta ƙofa ba.

Yanzu kafin in ƙirga sefa ko ɗaya, sai na ɗauki hoton lambar da ke ƙasan na'urar na tura wa mai gyara ta WhatsApp. Makon jiya ya mayar da ni da guda uku.