Taku uku tsakanin kujera da gwiwar Abbanta

Talata, bayan sun yi barci.

Yau ƙaramar ta yi tafiya. Taku uku ta yi, a na huɗun ta zauna daɓas, amma ukun nan nata ne na kanta, ba mai riƙe da ita, ita ma ba ta dafa komai ba. Watanta 13 da kwana 9. Na rubuta a bayan katinta na awo, ƙarƙashin ranar da ta fara zama da ranar da haƙorinta na farko ya ɓullo.

Da la'asar ne. Tana tsaye dafe da hannun kujera, Abbanta yana zaune a ƙasa, tsakaninsu bai kai mita ɗaya ba, yana juya wani murfin roba ja a hannunsa. Ta dubi murfin, ta dubi fuskarsa, sai ta saki kujerar. Ta ɗan jima a tsaye tana rangaji, ƙafafu a ware, hannaye biyu a ɗage daidai kafaɗa, 'yan yatsun ƙafarta sun lanƙwashe suna damƙar ƙasa. Ta ɗaga ta dama ta dire ta gaba ɗaya, tim. Ta bi da ta hagu. Ta sake ɗaga ta dama. A nan yayanta ya daka tsalle ya ƙwala ihu: "Umma! Umma! Ta yi tata!" Ta firgita, ta waiwaya, shi ke nan sai ga ta zaune. Ba ta yi kuka ba, tafi ma ta kama yi tana bangale baki.

Duk abin da ke cikin wannan 'yar tafiya yana da dalili, kuma wanda ya san dalilin ya fi jin daɗin kallo. Ware ƙafafun don ta faɗaɗa wurin tsayuwarta ne, tunda kan yaro da gangar jikinsa sun fi ƙafafunsa nauyi nesa ba kusa ba. Ɗaga hannayen kuwa da su take daidaita kanta. A hankali za su sauko zuwa ƙugu, daga baya su riƙa lilo irin na manya. Sauke tafin ƙafa gaba ɗaya shi ma na mai koyo ne, fara dire dunduniya sai ta yi 'yan watanni tana tafiya. Tafin ƙafarta a shafe yake ba lanƙwasa, saboda kitsen da ya cike wurin, lanƙwasar ba ta gama fitowa sai wajen shekara 6. Ƙafafun sun ɗan yi baka, wannan ma yakan miƙe da kansa wajen shekara 2. Abin da za a kai wa likita shi ne idan ƙafa ɗaya ce kaɗai ta lanƙwasa, ko yaro yana ɗingishi, ko bakan yana ƙaruwa maimakon raguwa.

Wanda ya shigo yau zai ce rana ɗaya ta tashi ta taka. Ina! An yi wata huɗu ana gininta. Ta fara da kama ƙafar tebur tana miƙewa, ba ta iya komawa zaune ba, sai ta tsaya tana kuka har a zo a zaunar da ita. Ta koyi lanƙwasa gwiwa ta sauka a hankali. Ta shiga bin jikin kujera a kaikaice, hannu bayan hannu. Daga nan ta fara tsallakawa daga kujera zuwa tebur idan ratar ba ta da yawa. Makonni biyu da suka wuce ta riƙa sakin hannu tana tsayawa daƙiƙa biyar, goma, ita kanta ba ta san ta saki ba, hankalinta na kan abin da take riƙe da shi. Shekaranjiya ta tsugunna ta ɗauki cokali ta miƙe ba ta dafa komai ba. Yaron da ya iya tashi daga tsugunne haka, cinyoyinsa da ƙugunsa sun yi ƙwari, tafiya ta kusa.

Tun tana wata 10 ake tambaya, "Har yanzu ba ta fara ba?" Tambayar nan tana sa iyaye da yawa cikin zullumi a banza. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bibiyar yara 816 masu ƙoshin lafiya a Gana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka. Abin da aka gani shi ne kowane mataki yana da faɗin lokaci, ba rana guda ba. Zama ba tare da jingina ba yana zuwa tun daga kusan wata 4 har zuwa wata 9. Rarrafe daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tafiya kuwa daga wata 8 har kusan wata 18. Kimanin 4 cikin 100 na yaran ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, wasu da gindi suke ja, wasu da ciki, kuma suka taka lafiya lau. Yayan nata a wata 11 ya taka, ita a 13, duk cikin ƙa'ida suke. Bakwaini kuma lissafinsa daban ne: ana cire makonnin da ya rigaya zuwa, har ya kai shekara 2. Inda ba a jira shi ne yaro ya cika wata 9 bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ko yana amfani da ɓari ɗaya na jiki ya bar ɗayan, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Wannan na ƙarshen shi ne mafi gaggawa, ba a cewa bari mu ga wata mai zuwa.

Bayan takun farko ta sake gwadawa sau shida kafin magariba, ta faɗi sau shida. Faɗuwar tana cikin karatun. Karen Adolph ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun ƙirga a 2012, suka ga yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna yin taku 2,368 a matsakaici a awa guda idan an sake su suna wasa, suna faɗuwa sau 17. Nisan da ke tsakaninsu da ƙasa kuwa kaɗan ne. Abin lura: da ta faɗi, fuskar babba take fara duba. In ta ga an zabura an yi salati, sai ta ɓare baki. In ta ga murmushi an ce "Yauwa, tashi," sai ta tashi. Buguwar kai ce ake sa wa ido. Ƙulu a goshi, a ɗora tsumma mai sanyi na kamar minti 10. Amma idan yaro ya suma, ko yana ta amai, ko ya yi jijjiga, ko barci ya danne shi ana tashinsa da ƙyar, ko maɗigarsa ta kumbura, asibiti kai tsaye.

Ba takalmi a ƙafarta, kuma haka ya fi a cikin ɗaki. Tafin ƙafa yana jin ƙasa, yatsu suna kamawa. Safa a kan daɓe mai santsi kuwa neman faɗuwa ce. Takalmi na fita waje ne, mai laushin ƙasa da ke lanƙwasuwa a hannu, a bar sarari kamar faɗin yatsa a gaban babban yatsanta. Keken koyon tafiya mai tayoyi, wanda ake zaunar da yaro a ciki, ba mu da shi kuma ba za mu saya ba. Ba ya gaggauta tafiya, yana koya wa yaro turawa da kan yatsu yana ɗage, sannan yana ba shi gudu da tsawon da zai kai ga matakala ko abu mai zafi kafin babba ya ankara. Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Kwali mai ɗan nauyi da za ta tura a gabanta ya fi shi amfani. In za a riƙe ta kuma, a kama ta a ƙugu ko a bar hannayenta ƙasa da kafaɗa. Ɗaga su sama da kai yana sa ta rataya a jikin babba, ba ta koyi ɗaukar nauyinta ba, kuma fizgar hannun ƙaramin yaro na iya gurɗe masa gwiwar hannu.

Safiyar ba ta fara da daɗi haka ba. Ta tashi da rigima, yawu na dalala, duk abin da ta samu sai baki. Haƙori na bakwai ne ke tafe, na ƙasa a gefen hagu, dasashin ya yi ja ya ɗan tasa, ana hango farin bakinsa. Na auna zafin jikinta, digiri 37.3. Na goga mata wurin da yatsa mai tsabta, na ba ta tsumman da aka jiƙa da ruwan sanyi ta ciza, ta lafa. Fitar haƙori tana kawo ƙaiƙayi da yawu da ƙin abinci na ɗan lokaci. Ba ta kawo zazzaɓin da ya kai 38, ba ta kawo gudawa mai yawa. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin yara da dama suna kwana da ciwo na gaske ana cewa "haƙori ne," har jiki ya bushe. Haƙoran yarinta 20 ne, sukan cika wajen shekara 3, kuma ana fara goge su tun daga na farko, safe da dare, da burushi mai laushi da man goge baki ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa.

Shi ma yayan yana da nasa labarin yau, bai kamata ya ɓace a cikin na ƙanwarsa ba. Shekararsa 3 da wata 7. Da safe na kai hannu zan ɓalla masa maɓallin riga, ya ture hannuna: "Umma, bari. Ni zan yi da kaina." Ya sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji, harshe a waje, ya kama maɓallin da babban yatsa da ɗan ali, ɗayan hannun ya buɗe ramin. Sau uku yana kuɓucewa. A na huɗu rabin maɓallin ya leƙo, ya sake kamo shi ta ɗaya gefen ya ja. Ya ɗago yana haki kamar wanda ya yi gudu, ya ce, "Kin gani?" Na gani. Ya tsallake rami ɗaya, rigar ta karkace, na bar ta haka har azahar.

Aikin maɓalli yana da hanyar koyarwa. Cirewa ta fi sawa sauƙi, da ita ake farawa. A zaɓi babban maɓalli da rami mai ɗan yalwa, a shimfiɗa rigar a ƙasa ya gwada kafin a jikinsa. A fara daga na ƙasa, inda idonsa ke gani, na wuya shi ne na ƙarshe. Da farko babba ya tura rabi, yaro ya ƙarasa ja, don ya ɗanɗani nasara. Abin da ke ɓata shi biyu ne: ƙaramin maɓalli mai santsi, da gaggawa. Lokacin da ake sauri za a fita ba lokacin koyo ba ne.

Kwanan nan maganarsa takan sarƙe, "ni-ni-ni-ni zan riƙe ta." Tsakanin shekara 2 da 5 yara da yawa suna yin wannan i'inar, tunani ya riga baki gudu, kuma galibi tana wucewa. Ba a ce masa "yi a hankali," ba a ƙarasa masa zance, a dai dube shi a jira. In ta wuce wata 6, ko yana matse fuska yana kokawa da kalmar, ko ya fara gudun magana, sai a nemi masana.

Da aka gama tafa wa ƙanwar, sai na ga ya koma gefe ya durƙusa yana rarrafe, yana gwaranci irin nata. Kishi ne, kuma bai da laifi. Abbansu bai ce masa "kai ai babba ne" ba. Cewa ya yi, "Yaya, zo ka taimake ni. Kai za ka riƙa ƙirga mana takunta." Nan take ya miƙe ya gyara tsayuwa. Ya ƙirga, "Ɗaya, biyu, biyar!" Ta nufo shi ta faɗa jikinsa, suka zube tare suna dariya.

Bayan isha'i muka zagaya ɗakin a durƙushe, don mu ga abin da take gani. Mai tafiya hannunta ya sami 'yanci, kuma tsawonta ya ƙaru. Igiyar dutsen guga da ke lilo, mun naɗe. Bokitin da aka bar ruwa a gindinsa, mun zubar mun kife, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka. Magunguna sun koma sama. A ƙarƙashin kujera muka tsinci maɓalli ɗaya da ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda in aka haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2. Duk abin da zai shige ta cikin kwalin tsakiyar takardar bayi, zai iya shaƙe ta. Kantar littattafai ce ta rage, tana girgiza in an ja ta, gobe Abbansu zai kafe ta da bango.

Barcin yau ya yi wuya. Sau uku ina kwantar da ita tana miƙewa ta kama ƙarfen gado, ido a lumshe, ƙafa na neman takawa. Haka suke yi in sun sami sabon abu, yakan ɗauki 'yan kwanaki. 'Yar shekara 1 tana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, don haka ba a kunna fitila, ba a biye mata da wasa, a kwantar da ita a ɗora hannu a bayanta har numfashinta ya daidaita.

Yanzu ta yi nisa. Ƙafa ɗaya ta leƙo daga mayafi, tafin ya yi duhu da ƙura duk da wankan da aka yi mata, don bayan wankan ma sai da ta sauka ta ƙara taku biyu. Yayan ya ƙi yarda a cire masa rigar mai maɓalli, da ita ya kwanta. Gobe zan ɗan matsar da kujerar nesa da tebur, kamar taki ɗaya.